Kwanon Mijin Hajo

Ba zan taɓa mantawa da kwanon nan mai ruwan shuɗi ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan juna. Na so in mutu da labarin a cikina. Na roƙi matan tungar masuntan da abin ya faru su rufa mini asiri, suka ce sun rufa, amma kafin jirgina ya iso Yelwa labarin ya riga ni sauka, har ya sha ruwa ya huta. Tunda kowa na ba da shi yadda ya ga dama, gara ku ji daga bakin wadda ta ci.

Ni ban shiga aji ba, baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Amma in ana batun bandar kifi, a tambaya daga Shanga har Wara. Tarwaɗar da na lanƙwasa, na soke da tsinke, na ba ta hayaƙi da hannuna, sai ta yi wata uku cikin kwali ƙwaro bai shige ta ba. Fataken kudu kan shinshina kwando su ce wanga hannun tsohuwar nan ne. (Kada ku ce yabon kai nake. Ko da yake shi nake, kuma na isa.) Abu na biyu da nake taƙama da shi, wanda matan 'ya'yana suka gaji da ji, shi ne: tunda uwata ta yaye ni ban taɓa sa hannu a kwanon da ba a kira ni ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanshi.

Akwai ƙungiyar mata masu sayar da kifi a unguwarmu. Sakatariyarsu Saratu ce, ɗiyar ƙanen marigayi maigidana, mai yawo da littafi da biro kamar da su aka haife ta. Wata rana ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, aiki muka samo miki. Akwai wata tunga can ƙasa wajen Ngaski, kifi gare su kamar ƙasa, amma bandarsu ba ta da kyau, kafin ya iso kasuwa ya yi tsutsa. Muna so ki je ki yi kwana takwas ki koya wa matansu."

Na tambayi ladan, ta faɗa. Na yi lissafi a zuci, na ga daidai yake da kuɗin kwanon rufin ɗakina, wanda damina biyu ke nan ina kwana da robobi uku a ƙasa suna tarar ruwa. Ɗana ya sha cewa zai sayo, ni kuwa na rantse da kuɗin hannuna zan rufe. Ladan nan ya yi daidai cif, har da ƙusa. In aka taɓa ko kaɗan, ƙusa ta tafi.

Sai ta ƙara da cewa, "Kuɗin jirgi da na abinci kuma kada su dame ki. Gidan wata Hajo za ki sauka, ita za ta riƙa yi miki girki tana riƙe lissafi. Abin da kika kashe a hanya da abin da kika ci, in an gama za a cire miki."

Za a cire miki. Ni shekara hamsin nake jin wagga kalma a kasuwar kifi. Dillali ya cire la'adarshi, ɗan dako ya cire nashi, mai kwali ya cire, mai karɓar haraji ya cire. Ban taɓa jin an ce za a cire, kuɗi suka ƙaru a hannuna ba. Na dubi yarinyar nan na ce a raina, ashe haka kuka shirya: ku ba ni a hannu, ku bi ta cikina ku karɓe. Da na buɗe baki na tambaye ta, da ba ni da labarin da zan ba ku yau. Amma ni in tambayi ɗiyar da aka haifa a gabana ma'anar magana, kuma da Hausa? Na ce, "To, na ji."

Na shirya dabarata. Na auno garin rogo, na yi ƙuliƙuli, na daka yaji, na ƙulle sukari, guzurin da zai kai ni kwana takwas ban ɗanɗana gishirin kowa ba. Jirgi kuma na ƙi shiga na fasinja. Na samu wani na kaya mai kai jarkokin fetur da buhunan albasa tungayen ƙasa, muka daidaita da mai jirgin a rabin kuɗi. Na zauna bisa buhu, na tura jakata ƙarƙashin katako, ina jin duk Yawuri ba mai wayona.

Wanda bai taɓa bin tafkin madatsar ruwan nan da rana tsaka ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba. Akwai inda ruwa ke faɗi har gaɓa ta ɓace, sai ka ga kawunan matattun itatuwa sun leƙo, farare fes, ba ganye ba ɓawo. Garuruwa ne a ƙarƙashin ruwan. Gungun da aka haife ni, tsibirinmu, ma yana can. Ina 'yar yarinya aka datse kogi, aka kwashe mu aka kai tudu, ruwa ya hau kan komai: masallaci, turmin innata, kushewar kakannina. Da muka iso wajen itatuwan sai mai jirgi ya rage wutar inji, 'yan jirgi suka bar hira. Na ce, "Mi ya faru?" Ya ce, "Kututture, Inna, kada ya fasa mu." Amma na ga leɓenshi na motsi, kuma ba kututture yake kallo ba.

Muka isa da la'asar, ranar Alhamis. Tungar bukkoki ce da 'yan ɗakunan laka, ba su kai talatin ba. Hajo ta tarbe ni, mace siririya, sa'ar ɗiyata ta biyu, mai ladabi, sai dai in tana yi maka magana idonta yana bayanka, wajen ruwa. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Mata sun cika tsakar gida, sun zo ganin gwanar da aka aiko daga Yelwa. Na dubi tuwon nan, sai na hango Saratu da bironta. Na ɗaga murya yadda ta bayan danga ma za ta ji, na ce, "Ɗiyata, ɗauke abinki. Ni ba na cin girkin kowa sai na hannuna. Da guzurina na zo."

Ta ce, "Inna, ko ɗan romo?"

Na ce, "Ko ƙamshinshi."

Na shiga ɗaki na kwance jaka. Ashe jarka ɗaya ta yi yoyo a jirgi. Garin nan ya dunƙule, ƙuliƙuli yana sheƙi, sukari ya zama wani abu da ban san sunanshi ba. Na ɗanɗana ƙuli ɗaya (ku bar ni, ban ci komai ba tun safe), na kwana ina gyatsar inji. Abin da ya tsira goro uku ne da ke ƙulle a bakin zanena.

Za ku ce ai ga kifi nan kan wayar murhun banda daga safe har yamma, mi ya hana ni? Bakina ya hana ni. Da safiyar Juma'a na iske matan nan suna banda suna tsinkar kifi suna kai wa baka, na tsawata musu: mai banda ta gari ba ta taunawa a bakin aiki, da hanci da yatsa ake gane kifi ya yi. Na sa suka maimaita sau uku. Da haka na ɗaure hannuna da kaina. Na yini ina jujjuya tarwaɗa, mai yana ɗiga cikin wuta yana ƙara, ina haɗiyar miyau, ina koya musu bambancin itacen ƙirya da na marke.

A ranar ne na lura da wani abu. Rana tana kaiwa tsaka, tungar nan sai ta mutu. Ba mai daka, ba mai wanki, ba mai zuwa bakin ruwa sai an yi azahar. Kaji ma sai su shige ƙarƙashin rumbu. Cikin wannan shirun na ga Hajo ta fito da kwano mai ruwan shuɗi, rufe da murfi, ta nufi wajen ruwa ita kaɗai, ta dawo hannu wofi. Na tambayi Kulu, matar Sarkin Ruwa, wadda ba a tambayarta abu ɗaya ta amsa ɗaya.

Ta rage murya ta ce, "Kwanon mijinta ne, Mamman. Wata biyar ke nan ya tafi duba taru wajen fararen itatuwan can. Da yamma kwalekwalenshi ya dawo shi kaɗai, filafilin tuƙi na kwance ciki, hularshi na bisa filafilin, a bushe. Kwana bakwai ana nema ba a ga gawa ba. An yi addu'a, ta yi takaba ta fita, amma kullum sai ta kai mishi tuwo inda ya saba ci, gindin giyayya, inda aka kife jirgin. Da yamma ta ɗauko shi yadda ta kai, ta zuba wa kaji. Mun yi faɗa, liman ya yi wa'azi, a banza. Da ƙyar ta yarda wanta ya zo Juma'a mai zuwa ya tafi da ita gidansu, Shanga."

Na ce Allah ya jiƙanshi. Amma gaskiya, cikin duk bayanin nan abin da ya zauna mini a kunne shi ne: ta zuba wa kaji.

Ranar Asabar goro ya ƙare. Na miƙe daga gaban wuta na ga tungar tana juyawa. Da rana ta yi tsaka na ga Hajo ta kai ta dawo ta shige ɗaki, sai na ɗauki buta kamar mai zagayawa. Na ce wa kaina wanga abinci ba ya cikin littafin kowa. Ba a dafa shi don ni ba, ba za a cire shi ba. Rabon kaji ne, kuma ni da kaza ai an san wanda ya fi cancanta.

Wurin ya fi yadda Kulu ta faɗa. Giyayyar ta sunkuya kan ruwa, jirgin yana kife ƙarƙashinta, kwanon yana bisa jirgin da dutse a kan murfi. Ba iska, ba tsuntsu, amma ruwa yana lasar gaɓa a hankali kamar wani jirgi ya wuce yanzu. Ƙasa duk ta bushe ta tsage, sai wuri ɗaya kusa da jirgin, a jiƙe, faɗinshi kamar inda mutum ya zauna da jiƙaƙƙen wando. Na kauda kai. Na zauna ta ɗaya gefen, na ɗauke dutsen.

Na ci. Ban san na iya cin tuwo da sauri haka ba. Da na gama, hali ya motsa: na kai kwanon bakin ruwa na goge shi da yashi, ciki da baya, har ya yi ƙyalli, na mayar da murfi na aza dutse. Ni ko sata zan yi ba na barin kwano da ƙazanta.

Da yamma ina zaune tsakar gida Hajo ta shigo rungume da kwanon a ƙirji. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya gabana, karo na farko idonta ya sauka cikin nawa, ta ce, "Inna, ya ci."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Maigida. Ya ci duka."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Kalma uku ce: ni na ci. Na buɗe baki, na hango matan da na yi wa shelar ba na cin girkin kowa, sai na ji kaina na ce, "Ikon Allah."

Kafin magariba tunga ta ɗauka. Wasu suka ce kare ne, aka ce kare ba ya aza dutse. Tsofaffi suka tuna cewa wanda ruwa ya ɗauka ba a ga gawarshi ba, mutanen ƙasan ruwa ne suka riƙe shi, wani lokaci sukan bar shi ya leƙo. Liman ya ce a bar wannan zance, a yi istigfari. Maza suka ƙi zuwa wajen giyayya ko da safe. Ni kuwa na rantse a zuci ba zan koma ba.

Lahadi na koma. Litinin na koma. Na samo wa kaina hujja mai kyau: in kwanon ya dawo cike, zuciyar yarinyar nan za ta sake karyewa, ke nan taimakonta nake. (Yunwa ta iya fatawa, ku yarda da ni.) Ita kuwa Hajo ta fara zuba mishi rabin kifi maimakon gutsure, ta yi kitso, ta sa kwalli, tana wanke rigunanshi tana shanyawa. Matan da suka saba tausayinta suka fara matsawa in ta zo zama.

Ranar Talata wurin da ke jiƙe ya matso. Ba zan rantse ba, amma da yana can wajen gindin jirgi, yau ga shi daidai gaban kwanon, har da 'yan ɗigo daga bakin ruwa zuwa nan. Na zauna. Na buɗe kwano, na ji a jikina ana kallon hannuna. Kun san yadda mutum ke ji in yana ci wani yana zaune gefe? Tarbiyya ta riga hankali fita. Na tura kwanon kaɗan wajen jiƙaƙƙen wurin, na ce, "Bismillah, mu ci."

Ruwan nan da ke lasar gaɓa ya tsaya cak. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na cusa loma, na ji miyar da ɗaci, ɗacin da na sani: kifin an yi bandarshi da itacen dogonyaro, abin da na kwana uku ina hana su. Duk da tsoron da nake ciki sai da raina ya ɓaci. Na cinye, na wanke, na tafi ban waiwaya ba.

Laraba Allah ya rufa mini asiri. Sarkin Ruwa ya sa aka kai ni wata tunga ta gaba in duba murhunsu, tun safe har kusan magariba, can wata tsohuwa ta ba ni fura kyauta, wadda ba littafin da ya gani. Na ce alhamdu lillahi, yau kwano zai dawo cike, Hajo za ta dawo hankalinta, ni kuma na tuba. Na dawo a gajiye na kwanta, ban tambayi kowa komai ba.

Da safiyar Alhamis Kulu ta tare ni bayan murhu. Ta ce, "Inna, kin ji? Hajo ta birkice jirgin Mamman da hannunta ta tura shi ruwa. Ta ce ba ta zuwa Shanga. Gobe rana tsaka za ta tuƙa zuwa fararen itatuwa ta kira shi, tunda shi yana zuwa wajenta ita ma za ta je wajenshi. Kuma ba ta iya iyo ba, 'yar tudu ce."

Na san wurin nan, na san kututturan da ke ƙasa. Na ce a raina yau zan kira Hajo gefe in faɗa mata, mu biyu, ba wanda zai ji. Bayan darasi. Ko da yamma. Ko dai gobe da sassafe.

Aka taru darasi, mata sun fi ashirin. Na bi murhu ɗaya-ɗaya ina duba itace. Na iso na Hajo, na ga reshen dogonyaro cikin wutar. Duk abin da na shirya ya fice mini daga kai, gwanar Yelwa ta miƙe tsaye. Na zare reshen na ɗaga shi sama na ce, "Ke Hajo, sau nawa zan faɗa? Wanga itace ba ya shiga banda. Shi ya ɓata miki miyar shekaranjiya, kifi mai kyau kika mayar magani, har yanzu ɗacin bai bar bakina ba."

Na ji maganar ta fita. Na so in bi ta in kamo.

Ba wadda ta motsa. Mai yana ɗiga cikin wuta, ɗis, ɗis. Kulu ta ajiye kifin da ke hannunta a hankali ta ce, "Inna, a ina kika ci miyar Hajo?"

Na ce, "Da hanci na ji."

Ta ce, "Bakinki kika ce."

Wata daga baya ta ce, "Shekaranjiya ai Hajo ba ta yi miyar kifi a gida ba, ta kwano ɗaya ta yi."

Hajo ta taso ta zo gabana. Ta dubi hannuna na dama, ta daɗe tana dubanshi, sannan ta ce, "Inna, ke ce mai wanke kwanon?"

Reshen dogonyaro yana hannuna yana hayaƙi. Na ce, "Ni ce, ɗiyata. Guzurina ya sha fetur." Daga nan na zazzage komai, har batun cirewa, har kwanon rufi.

Ta zauna a ƙasa daɓas. Kafaɗunta suka fara rawa, ban san kuka ne ko dariya ba, ita ma ina jin ba ta sani ba. Can ta ce, "Shekara goma sha biyu muna tare, ko cokali bai taɓa wankewa ba. Na yi ta mamaki, na ce ko a can ƙasa ne aka koya mishi." Kulu ce ta fara fashewa, sauran suka bi, har da masu riƙe ciki. Wata ta kwaikwayi muryata, "Ko ƙamshinshi." Na tsaya nan, shekaruna da sunana duk suna zuba ƙasa.

Hajo ta tashi ta shiga gida, ta fito da tuwo ta ajiye tsakiyar taron, ta ce, "Inna, yanzu an kira ki. Zauna." Na zauna na ci gaban mata ashirin, suna ƙirga lomata. Amma na lura jirgin Mamman yana nan bisa ruwa, ba ta ce a fitar da shi ba.

Juma'a da hantsi Saratu ta iso a jirgin fasinja, mai rumfa da kujeru, tare da wan Hajo. Ba ta gama gaisuwa ba Kulu ta ba ta labari. Ta dube ni, ta rufe baki da littafinta. Ta ce, "Inna, cire miki na ce, ba cire a naki ba. Duk wanda aiki ya raba da gidanshi na 'yan kwanaki, hanyarshi da cinshi daga asusun ƙungiya ake cirewa a biya, ladanshi ba a taɓa shi. Da kin shiga jirgi mai rumfa an biya. Kuɗin abincin ma Hajo za a ba, don haka muka zaɓi gidanta, ta samu na hannu."

Wato na hana gwauruwa cinikinta da rana, na koma na cinye tuwon mijinta a ɓoye. Na ce, "To garin da ya sha fetur fa?" Ta ce, "Wannan ba ya cikin takarda, ba wanda ya aike ki."

Ta buɗe littafi. Ta ce na jiya da na safen nan ta rubuta, saura na bakin ruwa, tunda dai ni na ci a biya Hajo. "Kwano nawa?"

Na ce, "Huɗu. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata."

Hajo ta ce, "Biyar."

Na ce, "Ɗiyata, na yi sata amma ba na ƙarya a lissafi. Laraba ba na nan."

Ta ce, "Na sani, Inna. Laraba an cinye, an bar kan kifin a gefe. Shi ba ya cin kai. Kuma ba a wanke kwanon ba."

Inuwa ta fara gajarta, rana tana hawa, idon Hajo ya koma wajen ruwa. Wanta ya dube ni kamar ni ce zan san abin yi, alhali ni na ɓata. Na tuna maigidana, da yadda maza ke yi da kwano. Na ce, "Hajo, a buɗe aka bar shi ko a rufe?"

Ta ce, "A rufe. Har da dutsen."

Na ce, "Da yana gida, in ya rufe kwano da hannunshi, mi yake nufi?"

Ta kauda idonta daga ruwan. Can ta ce, "Ya ƙoshi. Kada a ƙaro."

Saratu, da biro a sama, ta ce a hankali, "To na biyar ɗin, sunan wa zan sa?"

Na ce, "Sa nawa. In ba haka ba ki sa nashi, shi ma ai aiki ya raba shi da gida."

Ta ce, "Takardar ta masu aikin ɗan lokaci ce, Inna."

Hajo ta share fuska da bakin gyale ta ce, "To sa na Inna. Nashi ba na ɗan lokaci ba ne." Ta juya wajen wanta ta ce, "Yaya, ku fitar da jirgin nan daga ruwa ku kife shi. Bari in haɗa kayana."

Jirgi ɗaya muka shigo da ita har Yelwa, mai rumfa, ƙungiya ta biya. Da muka zo fararen itatuwa direba ya rage wuta, ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. An ba ni ladana cif, na rufe ɗakina, har ƙusa ta yi saura. Sai dai yanzu in na wuce kasuwa sai in ji wata ta ce wa 'yar'uwarta, "Rufe tuwonki da dutse, ga Inna nan."

Abin da na koya biyu ne. In aka ce za a cire, yanzu nakan tambaya a ina za a cire, wa za a ba, ko da jaririn goye ne ya faɗa. Na biyu, ba na ƙara yi wa kowa tayin abinci sai na ga fuskarshi. Don in na zauna ni kaɗai ruwa yana dukan sabon kwanon rufina, abin da ke hana ni sukuni ba tsoro ba ne. Wata biyar ana ajiye wa bawan Allah nan tuwo a gabanshi, nashi na kanshi, bai taɓa ba sai da aka ce mishi bismillah. Ni da na shekara saba'in ina taƙama, kwana biyu na iya. Wanda ruwa ya ci ma ya fi ni kunya.